Kwanson Harsashi a Ɗakin Yaji

A gidanmu na unguwar Jurf, a Madina, akwai wani ɗan ɗaki a bayan kicin da muke kira ɗakin yaji. Ba shi da taga sai 'yar kafar iska a sama, kuma duk baƙon da ya tura ƙofarsa sai ya yi atishawa kafin ya gama sallama. A nan mahaifina yake haɗa yajin tsire da hantsi, shi kaɗai, bayan ya sa sakata ta ciki. Na girma a gidan, na yi aure, na haihu, har furfura ta fara leƙo mini, ban taɓa ganin yadda ake haɗin nan ba. Iyakata in ji ƙarar turmi ta bayan ƙofa.

Baba mai tsire ne, ɗan mai tsire. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, daga nan ƙafarsa ta ƙi komawa. Ya kafa tukubarsa, Larabawa suka ɗanɗana suka dawo, suka karya harshe suna ce wa abin siriyya. Da ya rasu, Baba ne ya gaji tukuba da turmi da wata 'yar jakar fata da tsohon bai taɓa yarda wani ya buɗe ba. Da Baba ya kwance bakinta bayan kwana uku da rasuwa, sai ya tarar da kwanson harsashi guda ɗaya na tagulla, babu komai a cikinsa sai ƙamshin kanumfari.

Shi ne ma'aunin. Kanumfari ba ya son wasa, in ya yi yawa sai tsire ya koma maganin haƙori, in ya yi kaɗan kuma ya zama naman kowa. Kakanmu ya riga ya gaya wa Baba adadin kowane abu tun yana kwance, ya ce na kanumfari kuwa ma'auninsa yana cikin jaka, daga gida ya taho da shi. Kwanson bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Gindinsa yana da ɗan leɓe da ke sa ya tsaya da kansa a kan faranti, ga wasu haruffan boko a ƙasa da gugar hannu ta cinye rabinsu.

To, Baba mutum ne mai baki. Sirrin yaji kam ko da wuƙa ba za ka ji shi ba, amma labarin kwanson nan, kowace sallah sai an sha shi. Yakan fito da jakar bayan cin abinci, ya ɗora kwanson a tafin hannu, ya ce wannan ne harsashin da 'yan fashi suka harba wa ayarin mahaifinsa a jejin Sudan, Allah Ya kare, tsohon ya tsinci kwanson ya ajiye don tuna ni'ima. Kaka bai taɓa faɗar haka ba. Ya dai taɓa ba su labarin harbi a hanya, ya kuma ce ma'auninsa daga gida yake, sai Baba ya ɗinke biyun wuri guda. Shekara na tafiya, gishiri na ƙaruwa. 'Yan fashin da suka fara da uku, kafin in haifi ɗana na fari sun cika kwari. Muna dariya a ɓoye, amma ina son labarin, kuma na yarda da gindinsa ko da ban yarda da rassansa ba.

Baffa, ƙanen Baba, shi ne mutum ɗaya da ba ya dariya kuma ba ya gyaɗa kai. Tun yana saurayi ya bar tukuba ya tafi birnin Yanbu lokacin da ake gina matatun mai, ya koyi aikin injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, wanda a nan muke ce wa maharaɗa. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya gaya maka har da minti. Baba bai taɓa yafe masa tafiyar nan ba. A wurinsa Baffa ya guji hayaƙi ne ya bar tsoho da shi kaɗai.

Abin ya fashe ne ran wata babbar sallah, a gaban sababbin surukan ƙanwata. Baba ya kai ƙarshen labarinsa, ya ga idon baƙi a kansa, daɗi ya ɗebe shi, ya juya ya ce, "Ga ƙanena nan, shi ma shaida ne. Ko ba haka aka yi ba?"

Baffa ya ajiye finjalin gahawa a hankali. Ya ce, "Yaya, ka bar ni a gefe."

"A'a, faɗa musu mana. Wannan ba daga hanya Tsoho ya taho da shi ba?"

"Wannan bai taka hanya ba."

Baba ya ce to daga ina ya fito. Baffa ya ce ba zai iya faɗa ba. Sai Baba ya miƙe, lulluɓin kansa na zamewa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Mutumin da bai taɓa tsire tsinke ɗaya a gidan nan ba, shi ne yau zai ƙaryata ni a kan kayan ubana."

Daga ranar ba su yi gaba irin wadda malamai ke hanawa ba, sun fi haka wayo. Suna sallama, suna musafaha da bakin yatsu, shi ke nan. Na lura har atishawa in Baffa ya yi ya ce alhamdu lillahi, sai Baba ya yi shiru ya bar wani a cikin taron ya amsa masa. Haka muka yi shekaru. Ni kuwa ina bayan ubana ɗari bisa ɗari. Haushin Baffa nake ji sosai. In kana da magana ka faɗe ta, in ba ka da ita ka gyaɗa kai kamar kowa, me zai rage ka?

Bara Baba ya kwanta asibiti da ciwon zuciya. Baffa ya tuƙo mota tun daga Yanbu, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya ce Allah Ya sawwaƙe, Baba ya ce amin yana kallon bango. Bai fi minti biyar ba ya juya. A ranar tsoro ya kama ni na gaske, cewa ɗayansu zai bi ɗaya zuwa makabartar Baƙi'a da wannan abu a tsakaninsu, a kan guntun tagulla. Sai na ƙudura zan kawo ƙarshensa, kuma ta hanyar da nake so: in samo hujja cewa Baba ne da gaskiya, in kai wa Baffa, ya zo ya ba da haƙuri. Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, na saba in zana layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Da Baba ya dawo gida na lallaɓa shi ya ba ni jakar na 'yan kwanaki. Na ɗauki hoton kwanson ta gefe da ta gindi, na sa a wani dandali na masu tara tsofaffin harsasai, da Turancina na makaranta da taimakon waya. Na yi zaton za a ce mini na sojan Ingila ne ko na Faransa, irin waɗanda suka yi yawo a ƙasashen da Kaka ya ratsa.

Kafin la'asar amsa ta zo, kuma bakinsu ɗaya: na Finland ne. Sai da na duba taswira. Ƙasa ce can ƙurya a arewa, ta dusar ƙanƙara da dazuzzuka. Suka ce harsashin farauta ne da ba kowa ya san shi ba ko a can, ana harbin wata dabba da shi mai tsayin ƙafa, mai ƙaho kamar rassan itace. Daga nan kuma haɗin kan ya ƙare, aka shiga abin da suka fi so.

Wani ya ce asalinsa harsashin sojan Rasha ne, mutanen Finland suka buɗa masa baki don ya ɗauki babban kai. Wani ya ce a'a, gindin ne kawai na Rasha, dabarar daga maharban Jamus aka aro ta. Na uku ya ce duk ba haka ba, maƙeran bindiga na ƙauye ne suka fara yin sa a rumfunansu, masana'anta ta zo daga baya ta buga tambarinta ta ci suna. Kowa ya kawo hoton tsohuwar takarda, kowa ya ce ta ɗan'uwansa ba ta inganta ba. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne namu ya fi sauran gajarta. Wuyansa bai kai ba. Nan fa wasu suka ce gwaji ne da ba a taɓa fitarwa kasuwa ba, wasu suka ce shi ne ma kakan sauran, wani har ya roƙe ni kada in ƙara goge shi da komai.

Na yi fushi da farko, don ba abin da na zo nema ba ke nan. Amma kwana biyu ina karantawa, sai na tsinci kaina ina sha'awarsu. Tsofaffi ne yawancinsu, sun ba da ransu ga abin da bai kai yatsa ba, suna musu mai zafi amma babu mai cewa komai sai ya nuna inda ya auna. In mutum ya ga an kayar da shi sai ya ce an kayar da ni, ya sake ɗauko wata takardar. Ban saba ganin haka ba, ko a ɗakin malamai.

A rana ta uku wani dattijo daga Finland ɗin, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya nemi in sake ɗaukar hoto biyu a hasken rana: bakin kwanson kusa-kusa, da tsakiyar gindinsa. Na fita tsakar gida na ɗauka. Amsarsa gajeriya ce. Ya ce harsashin na yau da kullum ne a irinsa, babu wani gwaji. Yanke wuyansa aka yi a kan inji, aka kuma toshe ramin gindin da dalma don kada abu ya zube. Ya ce irin tambarin nan ma na baya-bayan nan ne, ba na zamanin tafiyar ƙafa da na ambata ba. Sannan ya ƙara layi ɗaya, cewa ya daɗe yana aikin ƙarfe, kuma duk wanda ya yi yankan nan yana so a gaishe masa da shi, don hannunsa ya ruɗi masana har kwana uku.

Mutum ɗaya na sani a duk danginmu da ke da hannu irin wannan.

Ran Asabar da sassafe na ɗauki mota na nufi Yanbu. Duk tsawon hanyar ina shirya maganganun da zan yaɓa masa, don har lokacin ban huce ba, ganina shi ne ya musanya kayan kakanmu ya bar ubana yana kunyata kansa a gaban mutane. Na same shi a 'yar rumfar da ya yi a bayan gidansa tun da ya yi ritaya, yana gyara wa maƙwabci fanfo. Ko zama ban yi ba na ajiye masa kwanson a kan tebur na ce, "Baffa, wani mutum a Finland ya ce in gaishe ka."

Ya dube shi, ya dube ni. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Zauna, ya binti, 'yata. Kin sha hanya."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ka yanke shi?"

"Ni ban gaya miki ba. Ke kika gano, ki riƙe wannan."

Ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin shayi, ya buɗe, ya zaro ƙulli a cikin auduga. Tsinin ƙahon rago ne, ɗan ƙarami, ya yi baƙi don tsufa, da tsaga tun daga baki har kusan ƙasa. Ko daga inda nake ina jin kanumfari.

Ya ce wannan shi ne ya taka hanya. Shekara biyu kafin rasuwar Kaka ƙahon ya tsage, gari ya riƙa zuba, tsohon ya kasa gane awonsa. Ya kira Baffa a keɓe ya ce ya yi masa wani da zai ci daidai da wannan, ba ƙari ba ragi. A lokacin akwai wani Bature ɗan Finland da ya zo kafa musu injuna, yana rataye da kwanson a jikin makullansa, na farautar mahaifinsa ne, da zai koma gida ya ba Baffa kyauta. Baffa ya liƙe tsagar ƙahon da kakin zuma, ya cika shi da garin kanumfari, ya juye a kwanson, ya ga kwanson bai cika ba. Sai ya riƙa rage wuyan kaɗan-kaɗan a lokacin hutun azahar, yana aunawa yana sakewa, har mako guda.

Na ce, "To me ya hana a gaya wa Baba?"

Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa cikin shekaru. "Kin san ubanki. Tsoho ya ce in ya ji da safe, kafin magariba duk layin sun ji, kuma daga ranar kowa zai ce tsiren ya canza ɗanɗano. Ya ce kada ya ji daga bakina. Na ce to."

"Amma Kaka ya daɗe da rasuwa!"

"Bai dawo ya warware mini ba."

"Da sai ka gyaɗa kai kawai ran sallar nan."

"Ubanki cewa ya yi in shaida, ya binti. Shaida ba gyaɗa kai ba ce."

Duk maganganun da na ɗauko daga Madina suka zube. Na zauna a kan wani bokiti da aka kife, kunya ta rufe ni. Shekaru ina kallon mutumin nan a matsayin mai taurin kai da baƙin rai, ashe yana tsakanin alkawari da ƙarya ne, ya ƙi taka ko ɗaya, ya gwammace ya rasa ɗan'uwansa. Ban san ko ni zan iya ba. Na san dai ban taɓa girmama wani kamar yadda na girmama shi a rumfar nan ba, kuma na gaya masa haka, ya ce in daina surutu in sha shayi.

Sauran aikin ya zama nawa, tunda ni ban yi wa kowa alkawari ba. Na yi kwana biyu ina kewaye-kewaye. Tsoro nake ji in ƙwace wa tsoho marar lafiya labarin da ya fi so a duniya. Ran Talata bayan ya karya kumallo na zauna a gabansa na faɗa masa komai, tun daga dattijon Finland har kakin zuma. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da na gama ya daɗe yana juya kwanson a hannu, yana shafa bakinsa da babban yatsa.

Ya ce, "Mako guda ya yi yana rage shi?"

Na ce haka ya ce.

"Kira shi. Ki ce ya taho da ƙahon."

Baffa ya iso washegari da hantsi. Suka yi sallamar nan tasu ta bakin yatsu. Baba ya sa aka kawo faranti da garin kanumfari a tsakar gida. Ya karɓi ƙahon, ya kai shi hanci, ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya danne tsagar da yatsa, ya cika shi, ya share bakin, ya naɗe takarda ya juye garin cikin kwanson. Ya ƙwanƙwasa gefen da farce sau uku. Garin ya zauna daidai da leɓen tagullar, bai yi tozo ba, bai yi rami ba.

Baba ya ce, "Mazbuɗ," wato daidai wa daida. Bai ɗago ba ya ci gaba, "Na ce ba ka taɓa tsire tsinke ɗaya ba. Ashe duk tsinken da na sayar tun rasuwar Tsoho, da awonka na sayar."

Baffa ya ce, "Ma'alesh, ba komai, Yaya. Ya wuce."

"Bai wuce ba. Tashi."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya kama hannun rigar ƙanensa ya ja shi zuwa bayan kicin. Na bi su, a zatona yau dai zan ga abin da aka hana ni gani tun ina yarinya, tunda ni na yi wahalar. Baba ya tura Baffa cikin ɗakin yaji, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke kuma ina zuwa?" Ya rufe ƙofa, na ji ƙarar sakata.

Na tsaya a wurin da takaicina, ina jin ana jan turmi. Baffa rabonsa da ɗakin nan tun yana saurayi, hancinsa ya manta. Ba a jima ba ya saki atishawa, ya sake, ya sake, har sai da kwanuka suka amsa. Na ji ya ce alhamdu lillahi cikin shaƙewar murya. Su biyu ne kawai a ciki, babu wanda za a bar wa amsa.

Na kasa kunne. Sai na ji muryar Baba, a hankali, ya ce, "Yarhamukallah, ƙanena."